TAIMAKON FARKO GA YARA: Abin da Iyaye da Masu Reno Za Su Yi Kafin a Kai ga Likita

Gabatarwa

Hatsari ba ya sallama kafin ya shiga gida. Yaro yana cikin wasa sai ya kifar da tukunyar ruwan zafi a jikinsa, ko ya ɗauki kwalbar lemo ya kurɓi kananzir, ko zazzaɓi ya tsananta masa da tsakar dare ya shiga jijjiga. A irin wannan lokaci babu likita a kusa. Wanda ke kusa shi ne uwa, ko kaka, ko yaya, ko 'yar reno, ko malamin makaranta. Abin da wannan mutum ya yi cikin 'yan mintocin farko, da kuma abin da ya ƙi yi, sau da yawa shi ke rarrabe yaron da zai warke sarai da wanda zai nakasa ko ya rasu.

Taimakon farko shi ne agajin da ake yi wa wanda ya yi hatsari, ko wanda ciwo ya kama farat ɗaya, kafin a kai shi ga ma'aikacin lafiya. Manufarsa uku ce: a tsare rai, a hana ciwon ƙaruwa, a isa asibiti da wuri. Ma'aikatan asibiti sun sha karɓar yaran da maganin da aka yi masu a gida, da kyakkyawar niyya, ya fi hatsarin kansa yi masu lahani. Saboda haka kowane darasi na wannan ɗan littafi ya ƙunshi abu biyu, watau abin yi da abin bari, kuma na biyun bai gaza na farkon muhimmanci ba.

Darasi na 1: Ƙa'idodin da Suka Shafi Kowane Hatsari

Abu na farko shi ne natsuwa. Kuka da kururuwa da taron jama'a a kan yaro suna cin lokaci, suna kuma ƙara tsorata shi. Mutum ɗaya ya tsaya a kan yaron, wani ya tafi neman mota ko babur, sauran su ja da baya.

Abu na biyu, mai taimako ya tabbata shi kansa ba zai faɗa cikin hatsarin ba. Idan wayar lantarki ce ta kama yaro, a kashe wutar tukuna, ko a ture wayar da busasshen sanda. Wanda ya kama yaron da hannu, shi ma wutar za ta kama shi.

Abu na uku, a duba yaron. A kira sunansa, a ɗan bubbuga kafaɗarsa, a ga ko ya amsa. A duba ƙirjinsa ko yana ɗagawa yana sauka. A duba ko jini yana zuba. Yaron da ya suma amma yana numfashi, sai a kwantar da shi a kan gefensa, bakinsa yana ɗan kallon ƙasa, don amai ko yawu su fita waje. Ko kusa kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, ko wani magani, domin ba ya iya haɗiya, abin zai bi ta hanyar iska ya sauka cikin huhu.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta. Inda ba ta shiga ba, kada a tsaya jira, a kama hanya. Ya kamata kuma iyaye su san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar agajin gaggawa bisa kowane irin dalili.

Darasi na 2: Idan Numfashi Ya Tsaya

Abin da ya fi tsayar da numfashin yara shi ne nutsewa a ruwa da shaƙewa. Rijiyar da ba ta da murfi, da kududdufi a lokacin damina, da randa, har da bokitin wanki, duk sun isa su ci ran yaro mai rarrafe, kuma yakan nutse shiru ba tare da an ji motsinsa ba. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa idan ta yi kamar minti 4 zuwa 6 babu iska, don haka a nan babu zancen jiran mota.

A shimfiɗa yaron a rigingine a wuri mai tauri. A ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe. Mai taimako ya toshe hancin yaron da yatsu, ya haɗa bakinsa da nasa, ya hura iska a hankali har ya ga ƙirjin ya ɗaga. Idan jariri ne, sai ya rufe baki da hanci gaba ɗaya da bakinsa, ya hura kaɗan. A yi haka sau 5. Idan yaron bai motsa ba, sai a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa: ga jariri da manyan yatsu biyu, sauran yatsun suna kewaye da ƙirjin, ga yaron da ya wuce shekara 1 da gindin tafin hannu ɗaya. A danna har ƙirjin ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, da sauri, wajen sau 100 zuwa 120 a minti guda. Bayan danni 30 sai a hura iska sau 2, a koma danni. A ci gaba da haka har yaron ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓa.

Al'adar nan ta riƙe yaro ta ƙafafu a juya kansa ƙasa, ko a danna cikinsa wai don ruwa ya fita, ɓata lokaci ce, tana kuma jawo amai. Duk yaron da aka ciro daga ruwa, ko da ya farfaɗo ya tashi yana wasa, lalle a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan 'yan sa'o'i.

Darasi na 3: Abu Ya Maƙale a Maƙogwaro

Gyaɗa, da aya, da ƙwallon dabino, da alawa, da dutsen ado, da kuɗin ƙarfe, su ne suka fi maƙale wa yara. Idan yaron yana tari da ƙarfi, yana kuka ko magana, to iska tana wucewa; a bar shi ya ci gaba da tarin, a tsaya kusa da shi. Idan kuwa ya kasa kuka, ya kasa tari, leɓunansa suka fara yin duhu, to hanyar iska ta toshe.

Jaririn da bai kai shekara 1 ba, a kifa shi a kan hannu, a tallafe haɓarsa, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa. A doki tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu sau 5. Idan abin bai fito ba, a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. Ba a danna cikin jariri.

Yaron da ya wuce shekara 1, a sunkuyar da shi gaba, a doki tsakanin kafaɗunsa sau 5. Idan bai yi ba, a tsaya ko a durƙusa a bayansa, a rungumo shi, a sa dunƙulen hannu a saman cibiya, a fizgo ciki da sama sau 5. A riƙa sauyawa tsakanin biyun har abin ya fito. Idan yaron ya suma, sai a koma ga abin da aka bayyana a Darasi na 2. Kada a cusa yatsa cikin baki ana lalube, sai fa idan ana ganin abin sarai a bakin, domin lalube yakan tura shi can ciki.

Akwai wani abu da iyayen da ba su sani ba, watau ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ake samu cikin agogo da kayan wasa da ƙananan fitilu. Idan yaro ya haɗiye shi ya tsaya a hanyar abinci, yana iya ƙona wurin cikin sa'a 2 kawai, ko da yaron bai nuna alamar komai ba. A tafi asibiti nan take.

Darasi na 4: Zazzaɓi da Jijjiga

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa Nijeriya ce ke da kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kashi 31 cikin 100 na masu mutuwa saboda shi, kuma galibin masu mutuwar ƙananan yara ne. Duk da haka ba kowane zafin jiki ba ne na cizon sauro. Ciwon huhu, da ciwon kunne, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna zuwa da zazzaɓi. Hanyar rarrabewa ita ce gwajin jini, wanda ake yi da ɗigo ɗaya daga yatsa, a samu sakamako cikin kamar minti 20. Tun shekarar 2005 gwamnati ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko, domin ƙwayar cutar ta daina jinsa. Wanda ake bayarwa yanzu shi ne haɗin magunguna da ake kira ACT, kuma lalle a shanye shi har kwana 3 ko da yaron ya ji sauƙi.

Kafin a isa asibiti, a rage wa yaro tufafi, a ba shi nono ko ruwa akai-akai, a ba shi farasitamol daidai da awon da aka rubuta don shekarunsa. Ba a ba yara asfirin. Ba a kuma lulluɓe mai zazzaɓi da bargo wai don ya yi gumi.

Jijjiga, wadda a wasu wurare ake kira taune-taune, ita ce ta fi tayar da hankalin iyaye. Yaro yakan sandare, idanunsa su juye, hannuwa da ƙafafu su yi ta fizga, kumfa ta fito a baki. Tsakanin wata 6 da shekara 5 zafin jiki kaɗai yana iya kawo ta, kuma galibi takan tsaya da kanta cikin minti biyu ko uku. Abin yi kaɗan ne: a kwantar da yaron a ƙasa a kan gefensa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sassauta tufafinsa, a sa tsumma mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo.

Abin bari kuwa yana da yawa. Kada a cusa cokali ko yatsa ko tsinke tsakanin haƙoransa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa yana karya haƙora ya yaga dasashi. Kada a danne shi don a tsayar da fizgar. Kada a ɗura masa manja ko man shanu ko jiƙo. Kada a matsa masa albasa ko barkono a ido. Kada a kara ƙafafunsa a wuta, ko a turara shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. A wasu sassan ƙasar nan ana ɗura wa yara wani haɗi na fitsarin saniya da ganyen taba. Wannan haɗi guba ne, ya kashe yara da dama waɗanda jijjigar kanta da ba ta kashe su ba.

Jijjiga ciwo ce ta jiki, tana da magani, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓa yaro ko yawunsa. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. Ana iya yinta a kan hanya. Duk yaron da ya yi jijjiga a kai shi ga ma'aikacin lafiya a ranar. Idan ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko yaron bai farka ba bayanta, ko wuyansa ya sanƙare, to ana tsoron zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwa ko kuwa sanƙarau ne, sai a tafi nan da nan ko da tsakar dare ne. Inda babban asibiti ya yi nisa, a biya ta ƙaramin asibitin da ke kusa, domin akwai maganin zazzaɓi da ake sa wa yaran da ba su kai shekara 6 ba ta dubura, wanda ke riƙe su kafin a ƙarasa.

Darasi na 5: Gudawa da Amai

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Alamominta su ne ƙishirwa mai tsanani, bushewar baki, faɗawar idanu, ƙarancin fitsari, kuka babu hawaye, da lotsawar maɗiga ga jariri. Idan aka tsunkuli fatar cikinsa aka saki, sai ta daɗe ba ta koma ba. Maɗigar da ta lotsa ba ta bukatar a shafa mata wani haɗi. Ruwa jikin yake nema, da ya samu za ta koma daidai.

Maganin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a ƙunshe da sunan ORS. An ga ƙarfinsa a shekarar 1971, sa'ad da kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a ƙasar Indiya. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa 'yan'uwan majiyyata su riƙa ba su wannan haɗi da baki. Mace-mace suka sauko daga kamar kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

A wanke hannu da sabulu. A juye ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1, na ruwan da aka tafasa ya huce. Idan babu ƙunshin, a haɗa a gida: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana; kada gishirinsa ya fi na hawaye, domin yawan gishiri yana da hatsari. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya kai sa'a 24 a zubar a haɗa sabo.

Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙara da shawarar a haɗa da ƙwayar zink, wadda ke rage tsawon ciwon ta kuma hana shi saurin dawowa: miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, har kwana 10 zuwa 14. Kada a janye nono, kada a hana abinci.

Iyaye da yawa sukan ce gudawar haƙori ce, su zauna jira, ko su sayo maganin haƙori a kasuwa. Fitar haƙori ba ta kawo gudawa mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne a wannan lokaci yaro yana rarrafe yana kai komai baki. A shekarar 2008 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan. Kada a ba yaro maganin da ma'aikacin lafiya bai rubuta ba, kuma a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Idan akwai jini a bayan gida, ko yaron ya kasa sha, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a kan hanya.

Darasi na 6: Ƙuna

Ƙunar yara takan yawaita a lokacin hunturu, sa'ad da ake jin ɗumi da kaskon wuta ana kuma dafa ruwan wanka. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, saboda haka ruwan da zai ɗan yi wa babba zafi yana iya saluɓe ta yaro.

Idan tufafi suka kama wuta, kada a bar yaron ya ruga, domin gudu yana hura wutar. A kayar da shi, a nannaɗe shi da bargo ko babban zane mai kauri, a mirgina shi. Sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, irin na famfo ko na randa, a kan ƙunar har minti 20. Minti ashirin yana da tsawo ga mai jin kukan ɗansa, amma zafin da ya shiga nama yana ci gaba da cinsa bayan an kawar da wutar, ruwan ne ke tsayar da shi. Ba a sa ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro da guru kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Bayan haka a rufe wurin da leda mai tsabta ko wankakken ƙyalle marar gashi, a lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi.

Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko manja, ko baƙin mai, ko gishiri, ko koko, ko toka, ko kashin shanu. Waɗannan suna riƙe zafi, suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai likita ya kankare su kafin ya fara aiki, abin da ke ƙara wa yaron azaba. Kada a fasa fatar da ta tashi ta ɗuri ruwa. A kai yaro asibiti idan ƙunar ta fi faɗin tafin hannunsa, ko ta shafi fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta lantarki ce, ko kuwa jariri ne.

Darasi na 7: Shan Guba

Kananzir da aka zuba cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa shi ne gubar da yara suka fi sha. Bayansa akwai maganin ƙwari irin su ota-fiya-fiya, da maganin ɓera, da sodar yin sabulu, da ƙwayoyin maganin manya da aka bari a kan tebur.

Babbar ƙa'ida a nan ita ce kada a sa yaron amai. Hatsarin kananzir a huhu yake: idan aka ɗura manja ko aka sa yatsa a maƙogwaro, aman zai dawo da shi, ɗan kaɗan ya faɗa hanyar iska, ya haddasa ciwon huhu mai tsanani. Soda kuwa ta ƙona hanyar abinci sa'ad da take sauka, za ta sake ƙona ta idan ta dawo. Manja da madara ba su kashe guba. A goge bakin yaron, a cire tufafin da abin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu. Idan ya shiga ido, a kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. A tafi asibiti tare da kwalbar ko ƙunshin abin da ya sha, domin sanin irin gubar shi ke nuna wa likita maganinta.

Hayaƙin janareta da na gawayi ma guba ne, kuma gubar ba ta da launi ba ta da wari. Idan aka tarar da mutanen ɗaki da ciwon kai da jiri da amai a lokaci guda, a fitar da su waje, a buɗe ƙofa da taga, a kai su asibiti. Ba a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure ko dab da taga.

Darasi na 8: Zubar Jini da Karaya

A danne rauni da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, har minti 10, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya jiƙa ƙyallen, a ɗora wani a kansa. Idan kwalba ko ƙarfe ya nutse cikin nama, kada a zare shi. A danna gefe da gefe. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa da sabulu a rufe. Zuba ƙasa ko toka ko garin taba ko kashin dabba a rauni hanya ce ta kamuwa da ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, wanda likitoci ke kira tetanus. A tambayi ma'aikacin lafiya ko yaron yana bukatar allurarsa.

Mai haɓo a zaunar da shi ya sunkuya gaba, a matse wuri mai laushi na hancinsa minti 10, yana numfashi da baki. Ɗaga kai sama yana tura jinin cikin ciki ne kawai.

Idan ana zaton karaya, kada a ja, kada a miƙe gaɓar. A tallafe ta yadda take da katako ko kwali, a ɗaure sako-sako, a kai asibiti a ɗauki hoto. Ɗorin da aka ɗaure tamau yana tsayar da jini, kuma yara da dama sun rasa hannu ko ƙafa ta wannan hanya. Yatsun da suka yi sanyi, ko suka yi duhu, ko suka kumbura, alama ce ta a kwance ɗaurin nan take. Yaron da ya faɗo daga itace ko katanga ya bugu a ka, idan ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne, a ɗauke shi a kwance, kai da wuya a miƙe, zuwa asibiti.

Darasi na 9: Maciji, Kare da Kunama

Kububuwa ce ta fi sarar mutane a yankunan kogin Binuwai da tsakiyar ƙasar nan, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. A garin Kaltungo na Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don masu sarar maciji. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Yaro ya fi babba shiga hatsari, domin dafi ɗaya ne, jikin kuwa ƙarami.

A kwantar da yaron, a lallashe shi, a cire zobe da takalmi, a tallafe gaɓar da katako kamar mai karaya, a ɗauke shi. Kada ya taka da ƙafarsa. Kada a ɗaure saman wurin da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin ko manna baƙin dutse. Allurar kashe dafi ita ce magani, a asibiti kuma ake samunta. Idan maciji mai tsartuwa ya fesa dafi a ido, a wanke idon da ruwa mai yawa.

Cizon kare, ko yaƙushinsa, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi karɓar allurar rigakafi a ranar. Ciwon haukan kare idan alamominsa suka bayyana kusan ba a tsira. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma na asibiti ne, musamman idan yana gumi, yana amai ko numfashinsa ya sauya.

Darasi na 10: Alamomin Hatsari da Shirin Gida

Ko wane irin ciwo ne, waɗannan alamomi suna nufin a tafi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba:

1. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa.
2. Yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa.
3. Ya yi jijjiga.
4. Ya galabaita, ba ya farkawa sosai.
5. Numfashinsa ya yi sauri: sau 60 ko fiye a minti ga wanda bai kai wata 2 ba, sau 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 40 daga shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja iska.
6. Tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat.
7. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 2 ba, ko ga mai amosanin jini, watau sikila.

Jinkiri yakan faru ne tun a cikin gida. Sau da yawa uwa ta ga alamar hatsari tun da hantsi, amma maigida yana kasuwa ko gona ko ya yi tafiya, ita kuwa ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin mota. Ya wajaba kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yau, a gaban iyayensa da sauran manyan gida, cewa duk sa'ad da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a ɗauki yaro a tafi, a sanar da shi daga baya. Ya kuma ajiye wani abu a hannun uwargida don wannan rana, ya shirya da wani mai mota ko babur a unguwa wanda za a iya tasa da dare.

Kowane gida ya tanadi ƙaramin akwati, nesa da hannun yara, mai ɗauke da ƙunshin ORS, ƙwayar zink, farasitamol na yara, bandeji, auduga, sabulu, almakashi, ma'aunin zafin jiki, tocila, da katin rigakafin kowane yaro. A rufe rijiya, a kife bokiti, a kange murhu, a ɗaga kananzir da magunguna sama, a kwana cikin gidan sauro. Rigakafi ya fi magani. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar majalisa a shekarar 1960, tana koyar da taimakon farko a aikace, kuma yana da kyau malaman makaranta da ƙungiyoyin mata da na matasa su nemi wannan horo, domin hura iska da danna ƙirji sai an gwada da hannu ake ƙwarewa.

Tambayoyi Don Bita

1. Me ya sa ba a ɗura wa yaron da ya suma ruwa ko magani?
2. Faɗi abubuwa biyar da ba a yi wa mai jijjiga.
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
4. Minti nawa ake kwarara ruwa a kan ƙuna?
5. Me ya sa ba a sa wanda ya sha kananzir amai?
6. Lissafa alamomin hatsari guda bakwai.

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa mutanen gidansa, musamman kakanni da 'yan reno waɗanda yara suka fi wuni a hannunsu. Ana kuma roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci da malaman yaƙi da jahilci su isar da abin da ke ciki ga waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya raya zuriya, ya kiyaye su daga hatsari.